Kwashe shara duk mako: me ya kamata mu nema, kuma wa za mu tunkara?

Tambaya: Muna zaune a wani gari a Ingila. Ƙaramar hukumarmu ta daɗe da mayar da kwashe baƙin kwandon shara, wato na gama-garin sharar da ba a sake sarrafawa, sau ɗaya a mako biyu, yanzu kuma ana raɗe-raɗin za a kai shi mako uku. Lokacin zafi wari da tsutsa sun ishe mu, ga shi kayan da ake sake sarrafawa ma ba duka suke karɓa ba. Ni da wasu matan unguwa muna so mu fara fafutuka a dawo da kwashewa duk mako. Ta ina za mu fara, kuma akwai alamar nasara?

Amsa: Hajiya, akwai alamar nasara, amma ta dogara ne ga abin da kuka rubuta a saman takardar kokenku. Idan abin da kuka rubuta shi ne "a dawo da kwashe baƙin kwando duk mako" kawai, za ku tara sa hannu mai yawa, a karɓe ku hannu bibbiyu a zauren majalisa, a yi muku godiya, sannan a ajiye takardar. Idan kuwa kuka nemi a riƙa kwashe abin da ke ruɓewa duk mako, kuka ɗora sauran buƙatunku a kansa, to doka tana bayanku, lissafin kuɗi ma yana bayanku. Bari in faɗa miki dalili, don kada ku ɓata ƙarfinku a inda aka riga aka toshe.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kwashe shara duk mako haƙƙi ne da doka ta ba su. Ba haka ba ne. Sashe na 45 na Dokar Kare Muhalli ta 1990 ya wajabta wa ƙaramar hukuma kwashe sharar gidaje, amma bai ce sau nawa ba. Sashe na 46 kuma ya ba ta ikon zaɓar irin kwandon da za a yi amfani da shi, da girmansa, da abin da za a zuba a ciki. Gwamnatin Conservative da ta wuce ta yi niyyar gindaya cewa kada a wuce mako biyu ba a kwashe baƙin kwando ba, amma gwamnatin Labour da ta hau a 2024 ta bar wannan a hannun ƙananan hukumomi. Saboda haka duk wanda ya ce muku ku je kotu a kan mako biyu ko mako uku, kuɗin lauya kawai zai ja muku.

Kuma ba ku ne farkon masu wannan kokawa ba. Eric Pickles, wanda ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi daga 2010 zuwa 2015, ya ɗauki maganar da zafi fiye da kowa. A 2011 ya sanar da ware fam miliyan 250 don taimaka wa ƙananan hukumomi su riƙa kwashewa duk mako. Kuɗin ya fita, amma akasarinsa ya tafi wajen riƙe tsarin mako-mako a inda dama ba a daina ba, da kuma inganta sake sarrafa shara. Waɗanda suka riga suka koma mako biyu kusan dukansu sun yi zamansu. Tun yana kan kujerar, a 2014, ƙaramar hukumar Bury da ke yankin Manchester ta zama ta farko a Ingila da ta koma mako uku. Abin da minista da wannan maƙudan kuɗi bai iya juyawa ba, takardar koke ita kaɗai ba za ta juya shi ba.

Abin da ya sa ƙananan hukumomi suka kafe shi ne kuɗi, ta hanya biyu. Ta farko a bayyane take: mota, da direba, da masu lodi, da mai, da gyara. Duk zagayen da aka ƙara, an ƙara waɗannan. Ta biyun ce mutane ba su cika lura da ita ba, wato kuɗin zubar da abin da aka kwaso. Harajin binne shara ya fara a 1996 a kan fam 7 kowane tan. A watan Afrilun 2025 ya kai fam 126.15. Ƙona shara don samar da lantarki, wanda yanzu ya fi binnewa yawa a Ingila, shi ma ana biyan kuɗi a kan kowane tan, kuma gwamnati ta ce daga 2028 za a shigar da masu ƙonawar cikin tsarin biyan kuɗin hayaƙin da suke fitarwa. Ke nan duk abin da ya shiga baƙin kwando asara ce ga ƙaramar hukuma. Ma'aikatan ƙananan hukumomi sun kuma daɗe da gano cewa idan aka rage wa gida wurin zuba gama-garin shara, mutanen gidan suna ƙara ware kwali da gwangwani da kwalba. Wannan ba zato ba ne, an gan shi a wurare da yawa. A ƙasar Wales, inda yawancin ƙananan hukumomi ke jinkirta baƙin kwando, har ƙaramar hukumar Conwy ta kai mako huɗu, ana sake sarrafa sama da kashi 66 cikin 100 na sharar da hukumomi ke kwashewa. Ingila ta yi fiye da shekara goma tana kai-kawo a wajen kashi 44 na sharar gidaje. Duk jami'in da za ku zauna da shi ya san waɗannan alƙaluma, kuma da su zai tare ku.

To amma ki duba abin da Wales ta haɗa da jinkirin. A Conwy ana kwashe ragowar abinci duk mako, ana kwashe kayan sake sarrafawa duk mako, gidan da ke da jariri kuma yana iya neman a riƙa karɓar famfas daban. Abin da ke zama mako huɗu a kwando busasshen tarkace ne, ba ya wari, ba ya kiran ƙuda. Nan ne ƙorafinku yake da gindi. Warin da kike ji da tsutsar da kike gani ba daga leda ko fasasshen kofi suke fitowa ba. Daga ragowar abinci ne da famfas. Ƙuda na yin ƙwai a kan abinci, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, kuma idan da ɗumi, cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsar ta zama sabon ƙuda. Kwashewa duk mako tana katse wannan zagaye, ta mako biyu ba ta katse shi. Idan aka auna abin da ke cikin baƙin kwando na gida, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa abinci ne. Ƙaramar hukumar da ta jinkirta baƙin kwando ba tare da ta fitar da abinci daga cikinsa ba, ta ɗauki rabin tsarin da ke rage mata kashe kuɗi, ta bar muku rabin da ke wari. Da wannan za ku tuhume ta, kuma ba ta da amsa mai kyau.

Yanzu doka ma ta shigo. A ƙarƙashin Dokar Muhalli ta 2021 da tsarin da gwamnati ta kira Simpler Recycling, an sa wa ƙananan hukumomin Ingila wa'adin 31 ga Maris 2026 su riƙa kwashe ragowar abinci daga gidaje duk mako, har da gidajen bene masu iyalai da yawa. Wasu an ɗaga musu ƙafa saboda tsofaffin kwangilolin da suka ɗaure su. Tambayarku ta farko ke nan: an fara a garinmu? Idan ba a fara ba, yaushe, kuma da izinin wa aka jinkirta? Idan an fara, ya isa kowace unguwa, ko an tsallake benaye da gidajen da ke saman shaguna? Wannan abincin ba zubar da shi ake yi ba. Ana kai shi inda ake ruɓar da shi a rufaffun tankuna, a samu iskar gas da taki, kuma yawanci hakan ya fi ƙonawa sauƙin kuɗi. Ke nan ba alfarma kuke roƙa ba.

Maganar famfas ita ce ta biyu, kuma a ganina ita ce ta fi taɓa zuciyar kansila idan aka kai masa ita yadda ya kamata. Doka ba ta wajabta karɓarsa daban ba, amma akwai inda ake yi, don haka ba za a ce muku ba ya yiwuwa ba. Ku tuna ba jarirai kaɗai ba ne. Akwai tsofaffi da marasa lafiya da ke amfani da irinsa, kuma su ba za su tashi a taro su faɗa ba saboda kunya. Sashe na 149 na Dokar Daidaito ta 2010 ya wajabta wa hukuma ta duba yadda shawararta za ta shafi tsofaffi da masu naƙasa da masu jego kafin ta zartar. Ku nemi a ba ku rahoton wannan dubawa a kan shirin mako uku. Sau da yawa za ki tarar an rubuta shi sama-sama, kuma rahoto irin wannan yana ba ku abin riƙewa.

Sai girman kwando, wanda lissafi ne da kowa zai iya yi. Kwando mai lita 240 da ake kwashewa duk mako biyu yana ba gida lita 120 a mako. Idan aka kai shi mako uku, ya koma lita 80. Ga mata da miji su biyu wannan ya isa har da saura. Ga gida mai mutum bakwai ko takwas kuwa ƙuntatawa ce. Ƙananan hukumomi da yawa suna da tanadin ba babban iyali ƙarin kwando, sai dai ba sa tallata shi, kuma sharuɗɗan kan yi tsauri. Ku nemi a sassauta, a kuma rubuta shi a fili cikin takardar da ake raba wa gidaje. Haka tanadin da ake yi wa wanda ba ya iya jan kwando zuwa bakin titi, inda ma'aikata ke shiga su ɗauko da kansu.

Akwai inda ni ma zan tsaya kai da fata a kan duk mako, ban da ragi. Layukan da gidaje ke manne da juna babu farfajiyar ajiye kwando, inda ake fitar da shara a baƙar leda, da benaye masu manyan kwanduna na tarayya. Leda ba ta jure mako biyu, ɓeraye da tsuntsaye za su yaga ta. Babban kwandon tarayya kuma da zarar ya cika, mutane sai su fara ajiyewa a gefensa, daga nan wurin ya zama juji. Idan unguwarku irin wannan ce, ku nemi mako-mako kai tsaye, amma ku ambaci layukan da sunansu. Jami'i ya fi iya amincewa da ƙarin zagaye a layi goma sha biyu da ya gani a taswira fiye da gari baki ɗaya.

Ɓangaren sake sarrafawa ya fi sauƙi yanzu fiye da da. Tsarin Simpler Recycling da na ambata ya ce kowace ƙaramar hukuma ta karɓi kaya iri ɗaya: takarda da kwali, kwalba, ƙarfe, da roba, har da kwalin madara da na lemo. Leda da sauran roba mai laushi an sa musu wa'adin 31 ga Maris 2027. Abin da ba a karɓa a garinku, ku duba ko yana cikin jerin. Kuma tun daga 2025 kamfanonin da ke zuba kaya cikin kwali da roba suna biyan kuɗin kwashe su, ana raba wa ƙananan hukumomi, an kuma ba da tabbacin aƙalla fam biliyan 1.1 a shekarar farko. Ku tambaya nawa garinku ya samu, kuma me aka yi da shi. Wannan tambaya tana sa jami'ai gyara zama, domin kula da tsofaffi da yara marasa galihu yana cinye kaso mafi girma na kasafin hukumomin da ke ɗauke da wannan nauyi, kuma duk sabon kuɗin da ya shigo akwai mai hararsa.

Ga wani abu da masu fafutuka ba sa son ji. Rabin matsalar sake sarrafawa tana cikin gidajenmu. Famfas ɗaya, ko ragowar abinci mai maiƙo, yana ɓata takardar da ke kusa da shi, kuma idan ƙazantar ta yi yawa masana'antar da ke tantancewa tana mayar da lodin mota guda a ƙone. Tun da ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin sharar roba da gaurayayyar takarda a 2018, masu saye sun ƙara tsanani a kan tsabtar kaya. Ƙungiyar da ta je wa hukuma da cewa za ta bi gida-gida ta bayyana wa maƙwabta abin da ke shiga kowane kwando, cikin harsunan da ake ji a unguwar, ta zo da abin musaya. Ku nemi a ba ku takardun bayani masu hotuna, a kuma liƙa su a jikin kwanduna. Wanda ya zo da taimako a hannu ana saurarensa daban da wanda ya zo da ƙorafi zalla.

Sai ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. A yankunan da ke da hukuma hawa biyu, ta gunduma ce ke kwashewa, ta lardi ce ke zubarwa, ita ce kuma ke kula da cibiyoyin da mutane ke kai tarkacensu da mota. Idan kokenku na ranakun buɗe cibiyar ne ko nisanta, lardi za ku nufa. Inda hukuma ɗaya ce ke yin komai, an huta da wannan. A cikin hukumar, mutum uku ne ke da amfani gare ku: kansilan mazaɓarku, da kansilan da aka ba ragamar harkar muhalli, da shugaban kwamitin sa ido da ke bincikar ayyukan zartarwa. Na ukun ne aka fi mantawa da shi, alhali yana iya kiran jami'ai su amsa tambaya a bainar jama'a.

Kafin ku gan su, ku tara hujja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2000 da ƙa'idojin bayanan muhalli na 2004 sun ba kowa damar tambaya a rubuce, kuma a ƙa'ida ana amsawa cikin ranakun aiki 20. Ku tambayi sau nawa aka tsallake kwanduna a mazaɓarku, koke nawa aka kai a kan ɓeraye da sharar da ake jibgewa a gefen hanya kafin sauyin da bayansa, nawa ake kashewa wajen share ta, da ranar da kwangilar kwashe shara za ta ƙare. Ma'aikatar muhalli ta Defra tana fitar da alƙaluman kowace ƙaramar hukuma duk shekara, sai ku kwatanta taku da maƙwabciyarta mai kama da ita. Ku ma ku riƙa ɗaukar hoto da kwanan wata da sunan layi. Hoto talatin daga layi ɗaya cikin wata biyu ya fi dogon jawabi aiki.

Ranar ƙarewar kwangilar nan ta fi duk sauran muhimmanci. Irin waɗannan kwangiloli sukan ɗauki shekara bakwai zuwa goma, gwargwadon rayuwar motocin, kuma sauya tsari a tsakiya yana da tsada. Shekara ɗaya ko biyu kafin a sabunta ne ake zana sabon tsari, a lokacin ne maganarku ke da nauyi. Haka kasafin kuɗi: dole a kammala shi kafin 11 ga Maris, amma tun daga kaka ake tsara shi, ana neman ra'ayin jama'a wajen Disamba da Janairu. Wanda ya kawo koke a ƙarshen Fabrairu ya zo fafe gora ranar tafiya. Zaɓen kansiloli kuma yakan faɗo Alhamis ta farko a watan Mayu. Watannin da ke gabaninsa ku rubuta wa kowane ɗan takara tambaya iri ɗaya, ku wallafa amsoshin yadda suka zo, ba tare da kun goyi bayan wata jam'iyya ba. Da zarar aka ga ƙungiyarku ta zama reshen 'yan adawa, masu mulki sun sami dalilin yin watsi da ku.

Takardar koke tana da amfani, musamman wajen hana abin da bai riga ya faru ba. A farkon 2025 hukumar birnin Bristol ta nemi ra'ayin jama'a a kan zaɓuɓɓuka da suka haɗa da mako huɗu, dubban mutane suka sa hannu suna adawa, aka janye wannan zaɓi. Tare sauyi kafin a sayi motoci a raba sababbin kwanduna ya fi warware shi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa raɗe-raɗin mako ukun nan ya fi cancantar ƙarfinku a yanzu. Dokar da ta tilasta wa hukumomi sauraron takardun koke wata dokar 2011 ta soke ta, amma da yawa sun riƙe tsarinsu. Ku karanta na garinku kafin ku fara: yawan sa hannun da ke kai magana zauren majalisa, da ko sai mai sa hannu ya rubuta adireshinsa. An sha zubar da ɗaruruwan sunaye saboda rashin wannan.

Idan matsalar ita ce ana tsallake kwandonku a kai a kai, wannan hanyarsa daban. Ku kai ƙorafi a rubuce, ku bi matakan hukumar har ƙarshe, sannan ku wuce ofishin Ombudsman mai sauraron koke a kan ƙananan hukumomi. Yana iya sa a gyara, a ba da haƙuri, wani lokaci har da diyya. Ba zai sauya manufar mako biyu ba, don ba huruminsa ba ne. Kada kuma fushi ya sa wani ya kwashi shara ya jibge a ƙofar ofishin hukuma, laifi ne a ƙarƙashin sashe na 33 na dokar 1990, kuma labarin zai koma kanku. Masu lodi ma ba su suka tsara jadawali ba. Ku gaisa da su, ku tambaye su, sun fi kowa sanin layin da mota ba ta iya shiga da benen da kwandonsa ke cika tun ranar Laraba.

Idan an kira ku zama a kan mako ukun, ku tafi da sharuɗɗa a rubuce: kada a taɓa baƙin kwando sai kwashe abinci duk mako ya zauna daram a kowace unguwa, a fara karɓar famfas daban, a sassauta ƙarin kwando ga manyan iyalai, a ware layukan leda da benaye, a kuma gwada a mazaɓa ɗaya ko biyu tukuna, a fitar da sakamakon kowa ya gani. Ku nemi a rubuta amsar da aka ba kowane sharaɗi cikin bayanan zaman, da sunan jami'in da zai bi shi da ranar da zai dawo muku da bayani.